Manhajar Rabon Ruwa Ta Ƙi Tashi a Rabah

Goronyo

Zuwa ga Malam Simeon, Wurno,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da Mama Elisabatu. Malam, Haskell ɗin da ka koya muna makaranta don rubuta manhajar kwamfuta ta yi rana. Na rubuta 'yar manhaja wadda ke tsara ma manoman rani na ƙasan madatsa wa za shi sha ruwa yau, wa za shi jira gobe. Tun da munka fara aiki da ita, rigimar bakin kwalbati ta lafa.

To, taubashina Lauwali, sakataren masu albasa na Rabah, ya ce su ma suna so. Na aika mai, ta ƙi haɗuwa balle ta tashi bisa kwamfutatai. Da manhajar Cabal nike haɗawa, nan kuwa ba ta taɓa yi min gardama ba. Shi ko ya riga ya yi ma mutane alkawali, ga dashe ya matso.

Mi ya raba Cabal da takwararta Stack, Malam? Na kuma ji ana zancen Nix. Wace zan kama?

Ɗalibarka,
Zinariya

Wurno

Ɗiyata Zinariya,

Na amsa gaisuwa, Mama ma tana gaishe ki. Na yi murna har na karanta mata takardarki tana tuƙa tuwo.

Ga abin da nake zato. Manhajarki tana jingina da laburare, wato guntayen manhaja da wasu suka rubuta. Cabal kan zaɓo waɗanda suka dace a ranar da aka haɗa, don haka naki na bara ne, na Lauwali na bana. Kina iya sa ta ta daskarar da zaɓinki. Stack kuwa jeri ɗaya take ɗaure kowa a kai, har da GHC mai haɗawar, sai dai saukarwar farko tana shan data. Nix ki bari tukuna, ba a sayen raƙumi don ɗaukar buhu ɗaya.

Amma ina da tambaya. Lauwali amfani kawai zai yi, ko zai taɓa rubutun? In amfani ne, haɗa masa ki aika, magana ta ƙare.

Allah ya yi miki albarka.
Simeon

Goronyo

Malam,

Ina gaisuwa. Tambayarka ta sa na hau mota har Rabah ran kasuwa. Ashe su ba kwalbati ne da su ba, injin ban ruwa suke karɓa-karɓa bakin gulbi, kuma in ya lalace layi duka ya birkice. Dole a riƙa sauya ƙa'ida, ni kuwa ba kullum nike kusa ba. Lauwali ya ce, "Ke dai nuna min, ko kina tsoron in hi ki?"

Na zaɓa muna Stack, don hannu biyu za su taɓa aikin. Na tahi Sakkwato inda sabis ke da ƙarfi, na sauko da komi, na kai mai bisa filashi. Na kuma rubuta gwaje-gwajen da za su tsai da shi in ya yi ɓarna. Cabal na bar ma kaina, nan nike gwada sababbin abubuwa.

Gobe za shi haɗa ta shi kaɗai, gaban dattawan ƙungiya.

A huta lahiya,
Zinariya

Rabah

Zinariya uwar iyayi,

Gaisuwa. Ta tashi! Baba Halliru, babban dattijon ƙungiya, har da kabbara. Na sauya layin masu inji, sai gwajinki ya ƙi wucewa, wai gona biyu na ba inji lokaci guda. Na duba, tawa ce da ta surukina. Dattawa sun yi dariya har da hawaye, ni ko na maida kaina bayan layi.

Surukina ya sha ruwa yau. Ni sai jibi.

Naki,
Lauwali