Kwanson da Danwe Ya Ɗura Mini

Litinin, 12 ga Nuwamba

Aikin farko: fito da bindigogin sansani, a goge man da suka yi damina da shi. Na yi. Uku ne, babu tsatsa.

Patron, mai sansanin, ya kira daga Garwa. Takardata ta mai rakiyar farauta ta fito, kuma za a rubuta bindiga ɗaya da sunana. Ɗaya tak. Ya ce in zaɓa cikin ukun kafin ƙarshen wata: wadda za ta kawo naman tukunya, ta kuma tsaya gaban ɓauna idan baƙo ya ɓata harbi. Na ce to. Ya ce, "Sali, shekara nawa kana jiran wannan, ko murna ba ka yi ba?" Na ce na yi.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Na ja layuka a takarda: nauyin harsashi, nisan da yake kaiwa, shuri a kafaɗa, sauƙin samu a Garwa.

.30-06, ƙarama. Gada, mariya, gadu, kanki, duk tana yi, ba ta lalata nama. Gaban ɓauna kuwa ba zan so a ce ita ce a hannuna ba.

.375, ta tsakiya. Tana ɗan ɓata gada, amma babu abin da ke dajin nan da ba ta kayarwa.

.458, babba. Masu bin sawu Jaki suke ce mata, saboda shurinta. Shekara shida ita nake ɗauka. Ita ce a hannuna a watan Maris.

Na tara makin sau uku. Kowane karo amsa daban, don ni nake ba da makin.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Ban taɓa rubuta abin Maris a nan ba. Bari in rubuta, ko zai fita daga hanya.

Wani baƙo ya harbi ɓauna a cikinta, ta shige ciyawa kusa da kogin Faro. Muka bar shi a mota. Baba Danwe, babban mai bin sawunmu, yana gaba yana bin jini, ni a bayansa taku uku, kamar kullum. Ta fito daga hagu. Taku goma sha biyar, ko ƙasa. Na harba sau biyu. Ba ta ko girgiza ba. Ta ɗauki Danwe a cinya ta jefa shi, ta durƙusa kansa. Na uku sai da na kusa ɗora mata bakin bindigar a wuya.

Da masu fiɗa suka buɗe ta, rami biyu suka samu: na baƙon da na ƙarshe. Na harbina biyun farko, babu. A rahoto na rubuta cewa harsasan sun tsufa, danshi ya shige su. Patron ya sa hannu, aka zubar da akwatin a kogi.

Wata huɗu Danwe ya yi a asibiti. Na je sau biyu.

Na rubuta. Ban ji komai ba.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

An fara ƙona ciyawa a hanyar gabas. Na ci tuwon masara da miyar yakuwa, ban san ko da gishiri ba.

Talata, 20 ga Nuwamba

Danwe ya dawo. A bayan babur aka kawo shi daga garin Poli, da sanda. Ƙafar hagun ta gajarta. Ya rame, amma bakin yana nan.

"Sakatare! Har yanzu kana ƙirga ganyen bishiya?"

Na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce jikin ya tafi da ɓauna, wannan aro ne.

Patron ya aiko cewa a ba shi gadin ƙofa, albashi ɗaya, ba sai ya shiga daji ba. Da na faɗa masa sai ya tofar da taba. Ya ce shi ɗan ƙabilar Tupuri ne, a ƙauyensu kare ake ɗaurewa a ƙofa. Ya ce zai bi sawu bana ko da rarrafe. Sannan ya dube ni.

"Amma gaban wa zan shiga, wannan ban yanke ba tukuna."

Akwai wani mai rakiya a yankin da ke tsallaken kogi, ya aiko masa da tayin aiki tun yana asibiti. Na sani. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa shiga ciyawa bayan wani ba sai shi. Ban iya karanta ƙasa ba. Lambobi na iya.

Juma'a, 23 ga Nuwamba

Masallaci a Poli. Na dawo da gishiri da batir.

Na yanke: Jaki, da sababbin harsasai. Idan babba ba ta tsayar ba, ta yaya ƙarama za ta tsayar? Lissafin ya fita sarai. Na nuna wa Danwe takardar yana zaune yana gyara wuƙarsa. Ya riƙe ta a juye, da gangan, don ya iya karatu kaɗan.

"Ina layin mai harbin?"

Na ce babu.

Ya ce, "To jaki kawai ka auna, ba ka auna mahayi ba." Ya ce Litinin da safe in fito da ita bakin rafi, ni da shi, kada in gaya wa kowa.

Litinin, 26 ga Nuwamba

Ya kafa ƙwarya a kan sanda, taku talatin. Ya ce shi zai ɗura, ni in juya baya. Na ce ba haka doka ta ce ba. Ya ce dokar ta zo ta duba cinyarsa.

Ya miƙo. Na harba. Ƙasa ta tashi a gaban sandar, na ce iska ce. Ya karɓa, na juya baya, ya miƙo. Na sake, haka. Karo na uku na ja kunama sai na ji ƙas, babu ƙara, babu shuri.

Da na buɗe ido bakin bindigar yana kallon ƙasa, kamar taku goma a gabana. Kafaɗata ta riga ta tura. Haƙorana a cije.

Da na buɗe ido. Na sake karanta wannan layin yanzu.

Ya ja sakata, kwanson wofi ya faɗo. Tsohon kwanso ne ya ɗura mini, wanda aka riga aka harba. Ya ɗauka ya busa cikinsa kamar usur.

"Ka gani? Babu harsashi, amma ka gudu. Kafin ta shure ka, kai ka riga ka shure ta."

Na ce tun yaushe?

Ya ce tun shekarar da Patron ya ba ni ita. Ya ce yana jin numfashina a bayansa yana canjawa duk lokacin da na ɗaga ta.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya daɗe yana goge kwanson da rigarsa. Ya ce yadda nake ɗauke da ita a kafaɗa gaban baƙi, kamar sabon ango, wa zai faɗa? Ya ce kuma shekara shida ba a buƙace ni ba, ya ɗauka haka za a ƙare. "Rabin ƙafar nan ni na ba ta da kaina. Rabi naka ne. Kada ka kwashe duka, Sakatare, kai ba ka raba wa mutane komai."

Muka dawo a hankali saboda ƙafarsa. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 27 ga Nuwamba

Harsasan da muka zubar a kogi lafiyarsu ƙalau.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Kwana uku muna zuwa bakin rafi. Shi ke ɗurawa, ni bayana a juye, ban san wanne ne wofi ba. Da ƙarama muka fara. Ranar farko ko ita sai da na tura. Ya ce in bar tunanin harbi, in kalli ƙwaryar kamar mai jiran ta yi magana. Jiya da ƙarama: wofi biyar, ban motsa ba ko sau ɗaya. Yau .375: wofi biyar, na motsa sau biyu. Yana zaune kan dutse a gefena, ba ƙwaryar yake kallo ba, fuskata yake kallo.

"Kana ƙifta ido kamar kaza a ruwan sama. Sake."

Da yamma na kira Patron. Na ce .375. Ya ce ya ɗauka Jaki zan ce. Na ce kuma layin harsashi a rahoton Maris ba gaskiya ba ne, ni na kuskure, sau biyu, ido a rufe. Ya ce za mu yi magana idan ya zo ranar Laraba. Mai yiwuwa takardar rakiyar ta koma inda ta fito. Na ce to.

Asabar, 1 ga Disamba

Bakin rafi. Harbi shida, wofi huɗu. Na motsa sau ɗaya.

A na ƙarshe na ga lokacin da ƙwaryar ta fashe. Ba gutsattsarin a ƙasa ba, fashewar kanta: ta rabu uku, ɗaya ya yi sama yana juyi. Ban san haka take yi ba. Ba wani abu ba ne, ƙwarya ce. Ban faɗa masa ba. Shi dai ya tashi ba tare da ya zage ni ba.

An dafa giwan ruwa. Barkonon ya yi yawa, na ƙara duk da haka.

Gobe:

Gadar itace ta hanyar gabas, katako biyu sun ruɓe.

Tayar baya ta motar farauta.

Ƙwarya, a sayo goma, mai dafa abinci ya fara ɓoye nasa.

Takardar Laraba, gyaran rahoton Maris, in rubuta da hannuna. Ban fara ba.

Takalmin daji na Danwe, lamba arba'in da uku, a kai wa baduku a Poli ya ƙara wa na hagu dunduniya yatsa biyu. Bai ce zai shiga gabana ba. Ya dai ce ni zan sayo.