Baba, Na Hau Keke

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hauwa'u, autarka. Daga Riyad nake rubuto maka, unguwar Al-Naseem, inda Mama ta samu aikin jinya bayan rasuwarka. Ka yi haƙuri da Hausata, Larabci ya fara cinye ta.

Laifi na yi maka, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna hutunka na ƙarshe a Zariya? Ka fito da ƙaramin keke ƙofar gida, ka ɗaura min koren gyalen Mama a ƙugu, ka riƙe bakinsa ta baya. Ka ce kai ba ka riƙe wa mai koyo sirdi, don kada ya saba da hannun wani. Ka ce in kalli gaba, kada in waiwaya.

Sai yaran layi suka taru, wai 'yar zakara za ta hau keke. Duk gari an san ka. Da keken kai burodi ka fara, har ka zo kana cin tsere, sojoji suka ɗauke ka kana ciwo musu kofi. Ni kuwa kunya ta kama ni. Na kwance gyalen na ruga ɗaki. Ka biyo ni kana dariya, ka ce, "Ba komai, Kulu, sai na dawo." Na ce ba wanda zai koya min sai kai.

Yaƙi ya yi zafi, suka tura ka daji. Jakarka ce kawai ta dawo. Can aka binne ka, ba mu gan ka ba.

Shekara huɗu ina riƙe da alkawarin nan, Baba. Ranar Juma'a na karya shi. Bayan la'asar Mama ta kai ni lambun da ake ba da hayar kekuna. Na ce ba zan hau ba. Sai ta buɗe jaka ta zaro koren gyalen. Ban ma san ta taho da shi ƙasar nan ba. Ta ce, "Yalla, maza, Kulu, ɗaga hannu in ɗaura miki. Ni ma da shi babanki ya koya min."

Ta riƙe bakin gyalen, ta yi ta gudu a bayana cikin abaya, tana haki. Sau biyu na faɗi. A na uku keken ya tafi sumul. Daɗi ya kama ni, na manta, na waiwaya in nuna maka. Gyalen na bin iska, ba kowa riƙe da shi. Mama na can nesa a durƙushe, ta rufe fuska.

Ban jira ka ba, Baba. Ka yafe min.

Allah ya haskaka kabarinka a duk inda yake, ya karɓi shahadarka, ya haɗa mu a Aljanna in hau ka gani.

'Yarka mai kunya,
Kulu