Buroshin da Kawu Ya Ara

Asabar da dare, Mubi

Har yanzu raina a ɓace yake. Maman Zira ta kawo min tukunyar alminiyam da take dafa shinkafar sayarwa, ta tsage. Na ce ta bar min, ai walda ce abin sha'awata in na taso daga aiki. Na goge tsagin da buroshin waya, na kunna injin walda na MIG mai aiki da gas, sai waldar ta fito baƙa ƙirin, duk ramuka. Na yi ta sakewa har gas ɗin da na sayo daga Yola ya ƙare.

Sai daga baya na ga tsatsa a jikin buroshina. Ashe Kawu Buba da ya zo daga Sorau ne ya kankare fartanyarsa da shi! Buroshin da na ware wa alminiyam kaɗai, don ƙurar baƙin ƙarfe na ɓata waldar. Da na yi magana, sai cewa ya yi, "Kai yaro, buroshi ai buroshi ne." Kuma ba dama in ɗaga masa murya.

Gobe matar nan za ta zo karɓar tukunyarta. Unguwa za ta ce ban iya ba, fartanyar Kawu kuwa tana can tana ƙyalli.