Furanni Goma Sha Biyu

Zuwa ga yayata Eteri,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Mama? Yaya Zurab da yara? Ni lafiya lau. Aikin gidan wanki bai kai yadda kike tsoro ba, hannuwana ne kawai suka ɗan tsattsage.

An yi bikin finafinanmu na Jojiya a nan Melbourne, har da nunin zane-zane. Babbar baƙuwa ita ce Lamara, tsohuwar 'yar wasan da Mama take so. Ɗalibaina na ajin Asabar, inda nake koya wa 'ya'yan mutanenmu yarenmu, aka zaɓa su tarbe ta. Na koya musu waƙa da gaisuwa, na bar musu sayen furanni. Yaya, goma sha biyu suka sayo, yadda kantunan nan ke ƙulla su. Ban taɓa gaya musu ba cewa a al'adarmu furannin da adadinsu ya rabu biyu daidai mamaci ake kai wa.

Suka miƙa mata su a gaban kowa. Iyayen da suka ba ni amanar 'ya'yansu suna kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige, na ce ajina ya tashi ke nan.

Lamara ta ƙirga, ta ce, "Malama, wa ya ce miki na mutu? Gwiwa ce kawai ke damuna." Ta zare ɗaya ta miƙo mini. "Riƙe, 'yata. Yanzu dukanmu muna raye."

Ba wanda ya janye ɗansa, amma har yau ba na iya haɗa ido da iyayen. Don Allah kada Mama ta ji. Ki aiko mini da man shafawar nan na hannu. Furen yana cikin kofi a bakin tagata.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Tsisana