Jajayen Ƙwayoyin da Suka Sa Na Ci Mutuncin Maƙwabciyata

Zuwa ga Majo, shugaban likitar karkararmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin yankin Tasawa. Na daɗe ina juya wannan magana, kunya ce ta hana ni fito da ita.

Na ɗaya. Da damanar bara matata Hajara ta zo awon ciki wurinku. Aka ce jininta ya yi ƙasa, aka miƙo mata jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ɗaya kullum. Iyakar bayanin ke nan.

Na biyu. Ba a yi mako ba sai tashin zuciya, ciki ya ɗaure, bayan gida ya koma baƙi wuluk. Cikin fari ne, ka san kunyarsa, sai ta bakin uwata na ji. Mu kuwa in mun ga haka, cewa muke an ba mutum abu a abinci. Mai aiko mata fura kullum ita ce maƙwabciyarmu Saratu, matar Bulus, Kirista, wadda ko turmi ba mu raba da gidanta ba. Ni da bakina na kai ta ƙara gaban mai gari. Ta yi kuka, ba ta rama ba. Ran nan na hana furar, na watsar da ƙwayoyin, wai maganin likita ba ya karya sammu. Baƙin ya wuce, na riƙa bugun ƙirji na kama mai laifi.

Na uku. Ranar haihuwa Hajara ta zubar da jini, aka wuce da ita Tasawa. Can lokotoro, wato babban likita, ya faɗa mini baƙin bayan gidan nan aikin ƙwayar ne, kowa ya sha zai iya gani. Aka nemi jini, nawa bai dace ba. Saratu ta biyo mu a moton mijinta, wato babur, ba wanda ya kira ta, nata aka ƙara wa matata.

Ranka ya daɗe, wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba. Amma magana guda daga bakinku da ta tare ta. Ina roƙo duk wadda kuka ba ƙwayar nan ku faɗa mata abin da za ta gani, da abin da in ta gani ta dawo. Ku faɗa wa mazan ma. Ina kuma roƙo ka zo ƙofar mai gari ka yi wannan bayani, inda na ɓata Saratu a wanke ta a wurin. Ta ce ta yafe, ta ci gaba da aiko fura. Ni ne har yau ban iya haɗa ido da ita ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da irinmu.

Wassalam,
Mijin Hajara.