Tarin Inna

Juma'a, 6 ga Maris, 1998
Bayan la'asar na yi wasa a tsakar gidan Ghali mai shago, nan unguwar Gataa El Oued, a ƙasar Larabawa. Ni kaɗai da gurmina kamar kullum. Na ba su labarin yadda na baro Damagaram, yadda kamyo, babbar motar kaya, ya mutu da mu a hamada, ina yi ina kiɗa. 'Yan uwana leburorin gini sun cika wurin, amma kwaikwayon Inna, mahaifiyata, suke jira. Da na yafa zane, na kama ƙugu, na yi ɗan tarin nan nata, na ce, "Ƙuhum, ƙuhum! Sa'idu, gurmin nan ne zai ciyar da kai?" sai suka zube ƙasa don dariya. Wani Buzu har da hawaye. Na ji daɗi, ba ƙarya.

Talata, 10 ga Maris
Ashe Ghali ya ɗauki wasan a kaset. Ba ma wannan ba, ya ba Illo direba, maƙwabcinmu a gida, wai tsaraba ga mutanen unguwa. Na bar siminti a kwaɓe na ruga tasha. Sun tashi tun jiya.
Ghali ya ce, "Haba Sa'idu, abin alfahari ne ai." Alfaharin wa? Inna ta san gini kawai nake yi. Yanzu za ta ji ɗanta na kwaikwayonta a gaban ƙattai.

Asabar, 14 ga Maris
Kaset na can na keta rairayi. Ni ina nan ina ɗaukar bulo.

Juma'a, 27 ga Maris
Na yi wasa. Sun yi dariya. Duk lokacin da na yi tarin, sai in ga kamar tana zaune bayan taro tana kallona. Tsoro nake ji, ni da gemuna.

Litinin, 20 ga Afrilu
Illo ya dawo. Ko gaisuwar kirki ban bari mun yi ba.
Ya ce, "Ta ji mana, unguwa duka ta ji. Ta yi dariya har sai da ƙanwarka Hajjo ta kashe rediyon."
Na sauke ajiyar zuciya. Sai ya ce akwai saƙo: "Ta ce in gaya wa ɗan banzan nan, ba haka take tari ba yanzu."
Na yi dariya, na ce to yaya take yi? Da ma ban tambaya ba. Illo ya dafa kamyo ya gwada mini. Dogo ne, daga can cikin ƙirji, ba ya ƙarewa. Ya ce Hajjo na ɓoye tsumman da take tofawa a ciki. Na ce likita fa? Ya ce an je. Sai ya juya ya ci gaba da sauke kaya.

Laraba, 22 ga Afrilu
Takarduna na hannun mai ginin, ya ce sai an gama bene. In na kama hanya babu su, jandarma ne za su yi baƙo da ni. Na roƙe shi da ɗan Larabcin da na iya. Ya dafa kafaɗata, ya ce in sha Allahu. Ban san abin da zan yi ba. Wallahi ban sani ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu
Suna ta "Inna! Inna!" Na yafa zanen, na kama ƙugu, na faɗi maganarta duka. Da na zo wurin tarin sai na kaɗa gurmi na wuce. Ghali ya ce, "Ka manta abin." Na ce ƙurar siminti ce ta shaƙe ni.
Ba wani abu ba ne, mako mai zuwa zan yi. Da na dawo ɗaki na rufe ƙofa na gwada. Tsohon tarin ya ƙi fitowa. Wanda Illo ya kawo ne ke fita.