Jinin Akawali Ya Dawo Turke

Daren Juma'a, damina ta biyu da fara yaƙi.

Wa ya ce Baba wawa ne? Akawali, ingarmanmu jinin Larabawa, ba a taɓa tsere masa a sukuwa ba, amma duk wanda ya kawo goɗiya barbara, sai Baba ya ƙi karɓar kuɗi, ana ta yi masa dariya, ya ce, "Jinin doki ba na sayarwa ba ne, Malam." Yaƙi ya zo, dawa ta yi wuya, Akawali ya mutu, Baba ya daina cin abinci.

Yau wani dattijo daga Ƙofar Na'isa ya ɗaure ɗan duƙushi a turkenmu, baƙi wuluk, sak ubansa. Ya ce, "Ɗan Akawali ne, Alhaji, na ba ka." Baba ya yi hawaye, ya ce a kawo tuwo. Alhamdu lillahi!

Kawu Sale, kai da ka fi kowa dariya, gobe ka fito ƙofar masallaci ka amsa: wane ne wawan?